Alƙalamin tawada: tambayoyi da amsoshi kan gyara shi, ƙera shi da jawo wasu cikin harkar

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu sha'awar alƙalamin tawada, tun daga wanda ya sayi na farko jiya har zuwa wanda ya tsinci na kakansa a cikin adaka yana son tayar da shi. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa gyara da ƙira.

Me ya bambanta alƙalamin tawada da biro?

Tawadar biro mai kauri ce, da mai aka haɗa ta, kuma wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne ke mirginawa yana shafa ta a takarda, shi ya sa sai an danna. Ta alƙalami kuwa ruwa-ruwa ce. Daga cikin gangar jiki take bin wata siririyar hanya a harshe, wato baƙin abin nan mai zara-zara da ke kwance ƙarƙashin baki, ta gangara tsagar da ke tsakanin leɓɓan bakin guda biyu. Da tsinin ya taɓa takarda, sai takardar ta tsotse ta. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsagar, ita ce dai ake yi wa alƙalamin kara bayan an fiƙe shi, sai dai wannan yana ɗauke da tawadarsa a ciki, ba ya bukatar kurtu.

Aikin harshe biyu ne: ya fitar da tawada, ya shigar da iska. Duk ɗigon da ya fita, dole iska daidai girmansa ta shiga ta maye gurbinsa. In ba ta shiga ba rubutu ya tsaya, in ta shiga da yawa tawada ta kwararo. Zara-zaran nan kuma wurin tare rarar tawada ne kafin ta ɗiga a takarda. Wanda ya riƙe wannan bayanin zai gane mafi yawan matsalolin da ke ƙasa tun kafin a faɗa masa.

Wa ya ƙirƙiro shi?

Ba mutum ɗaya ba ne. Alƙali Nu'uman, wanda ya yi wa daular Fatimiyya alƙalanci a ƙarni na 10, ya rubuta cewa Halifa al-Mu'izz ya nemi a ƙera masa alƙalami mai riƙe tawada a cikinsa, wanda ba zai ɓata hannu ko tufafi ba, aka kuwa ƙera masa. A 1827 wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar nasa samfurin a Faransa. Amma harshen da ya daidaita fitar tawada da shigar iska har alƙalamin ya zama abin dogaro a kasuwa, na Lewis Waterman ne na birnin New York, wanda ya samu rajista a 1884.

Daga nan sai gasa ta koma kan yadda ake ɗura tawada. George Parker ya kafa kamfaninsa a Janesville a 1888, Walter Sheaffer ya yi rajistar ɗuri da liba, wato ɗan ƙarfen da ake ɗagawa a gefen jiki, a 1908, kamfanin Pelikan na Jamus ya fito da mai fistin a 1929. Biro ne ya ƙwace kasuwar: László Bíró ɗan Hangari ya yi rajistarsa a 1938, Bic Cristal ya fito a 1950, daga nan alƙalamin tawada ya fara komawa hannun masu sha'awa.

Ta wace hanya ake ɗura masa tawada?

Na zamani yawanci kwanso ake sa musu, ɗan bututun roba cike da tawada, ko kuma mazuƙi, wanda ake sakawa a gurbin kwanson a murza shi ya zuƙo daga kwalba. A kula, kwanso ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gama-gari da kamfanoni da yawa suka yi tarayya a kai, amma Parker da Lamy da Pilot da Sailor da Platinum kowa da nasa, ba ya shiga na wani. In kwanso ya ƙare kada a yar, sirinji ake sa wa tawada a sake cika shi.

Mai fistin gangar jikinsa ce tankin, ana murza gindinsa ya zuƙa. Tsofaffi kuwa mafi yawansu 'yar jakar roba ce a ciki, liba ko maɓalli ke matse ta, in an saki ta buɗe ta sha tawada. Su ne suka fi zuwa hannun mai gyara, kuma an yi musu amsa ta musamman a kan sauya jaka. Akwai kuma wanda ake buɗe wuyansa kawai, wato sashen da ke riƙe da baki da harshe, a tsiyaya tawada a cikin gangar jiki. Wannan ya fi kowa ɗaukar tawada, ya kuma fi kowa amai a lokacin zafi.

Da wanne ya kamata in fara?

Da mai araha wanda ake iya kwancewa. Pilot Kakuno, Platinum Preppy, Lamy Safari (wanda ke kasuwa tun 1980) ko wani daga cikin na kamfanin Jinhao na Sin duk sun isa. Wanda ke da niyyar koyon gyara ya sayi Jinhao biyu ko uku, domin zai lalata baki kafin hannunsa ya faɗa, kuma gara asarar ta tsaya a nan. Game da kaurin rubutu, bakin Japan ya fi na Turai siranta ko da harafin da aka buga a jikinsu ɗaya ne. Mai rubutu a littafin makaranta na yau da kullum ya ɗauki siririn baki, don shi ne ba ya jiƙa takarda har ta huda baya.

Zan iya zuba masa tawadar allo, ko ta firinta, ko ta hatimi?

A'a, ko ɗaya. Tawadar allo da ƙaro ake ɗaure ta, kuma tana da gari-garin baƙi a ciki. A kan alƙalamin kara wannan alheri ne, shi ke sa ta kama allo ta yi sheƙi. A cikin harshe kuwa, inda hanyar tawada ba ta fi kaurin gashi biyu ko uku ba, ƙaron zai bushe ya toshe ta. Baƙar tawadar masu zane da ake kira ta Indiya ta fi muni, domin sau da yawa akwai shalak a cikinta, wani irin ƙaro mai tauri da ake samu daga ƙwaro, in ta bushe ruwa ba ya narkar da ita. Ta firinta da ta hatimi kuma ba don wannan aikin aka haɗa su ba.

A nemi kwalbar da aka rubuta a jikinta cewa ta alƙalamin tawada ce. Parker Quink, wadda ta fito tun 1931, da Pelikan 4001 da shuɗiyar Waterman su ne masu gyara suka fi amincewa da su, musamman a tsofaffin alƙaluma. Mai son rubutun da ruwa ba ya wankewa akwai irin su Platinum Carbon Black, amma sai ya riƙa wanke alƙalamin a kai a kai, kada kuma ya bar shi ya bushe da ita a ciki. Ba a haɗa tawadar kamfani biyu a cikin alƙalami. In ana son gwadawa a haɗa a 'yar kwalba a ajiye kwana biyu a ga ko za ta yi gudaji.

Alƙalamina ya ƙi rubutu. Ya lalace ke nan?

Da wuya. Mafi yawan alƙaluman da ake cewa sun mutu, busasshiyar tawada ce kawai a harshensu. A cire kwanso ko mazuƙi, a yi ta tura ruwan sanyi mai tsabta ta wuyan har ya fito fari. 'Yar robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina tana wannan aikin da kyau, don bakinta na shiga bayan wuyan daidai. In tawadar ta daɗe, a tsoma baki da harshe a kofin ruwa mai ɗigon sabulun ruwa guda ɗaya su kwana, a ɗauraye, a tsayar da bakin a kan tsumma ya tsane. Wadda ta gagara ana sa mata amoniya ta gida, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, na ɗan lokaci, ban da alƙalami mai sassan alminiyam.

Ruwan zafi, sifirit, fetur, kananzir, tina da ruwan goge farce duk haramun ne a wannan sana'ar: wani ya narkar da roba, wani ya sa ta tsage bayan kwanaki. Sabon alƙalami ma a wanke shi kafin a fara, don sau da yawa akwai ragowar man inji a harshensa. In an wanke tas amma har yanzu yana tsallake, matsalar ta baki ce, sai a duba amsa ta gaba.

Bakin yana karce takarda, ko yana tsallake. Yaya zan gyara shi?

Kada a fara da gogewa. A samu madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki 10, a juyo tsinin ya fuskanci ido. Za a ga wasu 'yan rabin ƙwallo biyu kafaɗa da kafaɗa. A bakin da ke karce, kusan kullum ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗan'uwansa, gefensa na ciki ne ke kama takarda. In karcen na zuwa ne lokacin da aka ja layi zuwa dama, leɓen hagu ne ya sauka, wato hagun mai rubutu in yana riƙe da alƙalamin. In zuwa hagu ne, na dama. Da farce ake ɗaga wanda ya saukan, kaɗan ƙwarai, a saki, a sake dubawa, a gwada rubutu. Ana iya maimaitawa sau da yawa, kuma hakan ya fi a lanƙwasa sau ɗaya da ƙarfi.

Sai an tabbata leɓɓan sun daidaita ake gogewa, da samfefa mafi laushi mai lamba 12000, alƙalamin da tawada a ciki, a rubuta lamba 8 kamar sau biyar a kanta a koma takarda. Abin da aka goge ba ya dawowa. In aka wuce gona da iri, gefen tsagar na ciki zai zaizaye har tawada ba za ta taɓa takarda ba, sai alƙalamin ya riƙa cin harafin farko na kowace jimla duk da santsinsa. Mutane da yawa da hannunsu suke jawo wannan.

In tawada ce ba ta fita sosai, a ɗaga bakin sama a haska: ya kamata tsagar ta riƙa tsukewa a hankali har zuwa tsini, inda leɓɓan ke kusan taɓa juna. Ana zura fallen tagulla mai kaurin milimita 0.05 a share zaren takarda da ya maƙale. Ba a sa reza. In kuwa tawada ta yi yawa, tsagar ce ta buɗe, galibi don an danna da ƙarfi. Ana haɗe leɓɓan a hankali, ɗaya bisa ɗaya, sannan a sake daidaita su.

Me ya sa yake aman tawada in ana zafi?

Iskar da ke cikin tanki ce ke kumbura ta turo tawada waje. Rana, aljihun riga, mota da aka rufe, har ɗumin hannu suna jawo haka, kuma ya fi faruwa in tawada ta kusa ƙarewa, don a lokacin iska ta fi yawa. A watannin bazara a riƙa cika shi tun bai kai rabi ba, a ɗauke shi baki sama, kada a bar shi a mota. Haka ake yi a jirgin sama. Da hunturu kuma akasin haka ake fama da shi: bushewar iska na sa baki ya ƙafe da an ɗan tsaya tunani, don haka a riƙa mayar da murfi. Wanda ba za a taɓa ba har wata guda, a wanke shi a ajiye babu tawada.

Na gaji tsohon alƙalami. Me zan fara yi?

Kada ka ja libarsa in ka ji ta yi tauri. Jakar ciki ta riga ta ƙandare, in ka matsa za ka karya libar ko ƙarfen da ke bayanta, ka mayar da ƙaramin gyara babba. Kada kuma ka tsoma shi gaba ɗaya a ruwa tun ba ka san da me aka yi jikinsa ba. Dalilin yana cikin amsar da ta yi magana a kan ebonait da seluloid. Ka karanta abin da aka buga a gangar jiki da baki, ka duba leɓen murfi da madubi ko akwai tsaga, ka tsoma tsinin kawai a tawada ka ga yadda yake rubutu.

In Parker 51 ne, wanda ya fito a 1941, ka yi sa'a. Waɗanda aka yi daga 1948, masu ƙarfen matsawa a ciki, jakarsu ba ta ɗanyar roba ba ce, kuma da yawansu har yau wanka kawai suke bukata. Hero 616 na Sin kwaikwayonsa ne, shi ma haka ake wanke shi. Amma Parker Vacumatic da Sheaffer Snorkel na 1952 ba na sabon hannu ba ne, suna bukatar kayan aiki na musamman. Ka ajiye su har ka ƙware, ko ka kai wa wanda ya iya.

Yaya ake sauya jakar roba?

Wahalar duk tana wajen raba wuya da gangar jiki. Ana ɗumama mahaɗar da na'urar busar da gashi, ana juya alƙalamin. Shalak ɗin da aka liƙa wasu da shi yana saki a wajen digiri 60, seluloid kuma yana fara laushi ba da nisa sama da haka ba, saboda haka tazarar kaɗan ce. Ma'aunin shi ne yatsa: in ba ka iya riƙe wurin, ya yi zafi da yawa. Ba a kusantar da wuta ko kyandir ko kaɗan. A naɗe wuyan da guntun tib ɗin keke don hannu ya kama, a murza a hankali ta hagu, tunda wasu wuyan murɗi ne wasu cusawa ce. Ba a girgiza shi gefe da gefe, nan ne bakin gangar jiki ke tsagewa. In ya ƙi, a ajiye a dawo gobe. Akwai wuyan da sai an yi kwanaki ana lallashinsa.

Da ya buɗe za ka ga tsohuwar jakar ta zama baƙin ɓarɓashi, wani na zubowa da kansa, wani ya manne a bango. A kankare shi da siririn ƙarfe ba tare da an taɓa ƙarfen matsawa ba, a kuma kankare kan nonon wuyan, wato ɗan tsinin da bakin jakar ke hawa, har ya yi sumul. Girman jaka da lamba ake faɗarsa, kowace lamba kashi ɗaya ce cikin 64 na inci. Esterbrook J, wanda shi ne aka fi ba masu koyo, lamba 16 yake ci. Jakar da ta dace ita ce wadda ke zamewa ciki da kanta ba tare da an tura ba. A yanke ta daidai tsawo, a shafa shalak siriri a nonon, a zura bakinta, a bar ta ta kwana.

Washegari a barbaɗa mata hodar talk zalla, ba ta jarirai mai turare ba, a mayar da wuyan ba tare da an liƙe shi da komai ba. A gwada da ruwa: a nutsar da baki duka, a ɗaga liba, a mayar, a ƙirga goma kafin a cire. Jakunkunan daga waje ake yin odarsu, kuma zafi na cin ɗanyar roba, don haka kada a tara da yawa.

Waɗanne kayan aiki nake bukata, kuma me zan guje wa?

Madubi, robar turo ruwa, sirinji, guntun tib, fallen tagulla, samfefar nan mai laushi, shalak, talk da giris ɗin silikon zalla don fistin da zaren murɗi. Ba su da yawa. Basilin ba ya maye gurbin giris ɗin, yana cin roba. Abin da ya fi kashe alƙaluma kuwa sufa gulu ne. Alƙalami an yi shi ne don a riƙa buɗe shi, duk abin da ka liƙe har abada ka rufe wa mai gyara na gaba ƙofa. Filaya mai haƙora ma kada ta taɓa shi. Tsagar murfi ko ta jiki aikin ƙwararru ce, sukan narkar da robar kanta ne su haɗe ta.

Da me ake yin jikin alƙalami, kuma me ya sa sanin haka ke da muhimmanci?

Na farko-farko da ebonait aka yi su, wato roba da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta yi tauri. In ka goga shi da yatsa ya yi ɗumi za ka ji warin farar wuta. Rana da ruwa na mayar da baƙinsa ruwan ƙasa, shi ya sa ba a jiƙa shi. Har yau babu abin da ya kai shi kyau wajen yin harshe, domin tawada na bin sa, kuma ana iya ɗumama shi a kwantar da shi daidai da baki. Seluloid ya shigo a 1924 ta hannun Sheaffer, ya kawo launuka masu zurfi, amma da kafur da wani sinadari mai kama wuta aka haɗa shi, yana ci da wuta nan take. Wasu alƙaluman Ingila kuma da sinadarin madara aka yi su, in suka kwana a ruwa sai su kumbura su lalace.

Na yau mafi yawa akirilik ne ko wata robar inji. A Japan akwai masu shafa wa ebonait ruwan itacen urushi, shafi bisa shafi, su yi masa zane da garin zinariya. Abin sha'awa, wannan shafin ba a busasshiyar iska yake ƙandarewa ba, sai a akwati mai laima, kuma alƙalami ɗaya na iya cin watanni.

Mutum ɗaya zai iya ƙera alƙalami da kansa?

Ƙwarai, in yana da ƙaramin injin sassaƙa mai juyawa. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce a sayi sassan ƙarfe a haɗe, a huda guntun itace ko akirilik, a liƙa bututun tagulla a ciki, a sassaƙa, a goge, a danna sassan. A yini ɗaya ana gamawa, sai dai siffar ba taka ba ce, ta wanda ya yi sassan ce. Ta biyun, wadda a ganina ita ce ainihin ƙira, mutum ne ke yin murfi da jiki da wuya daga sanda guda, ya yanka musu zaren murɗi irin na noti da kansa. Baki da harshe kawai yake saye, galibi daga JoWo na Berlin ko Bock na Heidelberg, waɗanda kamfanoni da yawa ma a wurinsu suke saye.

Kowane da zarensa: na JoWo lamba 6 M7.4×0.5 ne, na Bock M7.9×0.6, wato faɗin zaren da tazararsa a milimita, kuma abin yanka irin wannan zaren ba a samun sa a shagon kayan gini. Na murfi akan yi shi mai hanya uku don ya buɗe da murɗa ɗaya ko biyu. Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne cikin murfi: dole a bar wa tsini sarari kada ya bugi rufin, a kuma yanka 'yar matakala da leɓen wuya zai zauna a kai ya toshe iska, in ba haka ba alƙalamin zai riƙa bushewa cikin dare. Wajen huda akirilik a tafi a hankali ana ciro abin hudar, don zafi na narkar da shi daga ciki. A kuma rufe hanci saboda ƙura.

Kada tsadar inji ta karya wa mutum gwiwa. A garin Rajahmundry na Indiya, K. V. Ratnam ya fara ƙera alƙaluma a 1932, har Gandhi ya rubuta masa wasiƙar yabo a 1935. Zuwa yau akwai maƙera a Indiya da Japan da ke yanka zare da hannu a kan injin da bai taka kara ya karya ba.

Itacen gida zai yi?

Zai yi. Kanya, ƙirya, marke da maɗaci duk suna da tauri ko kyan ido. Sharaɗin shi ne itacen ya bushe sosai, ya ga damina ya ga hunturu, in ba haka ba zai tsage bayan an gama. Tawada kuma kada ta taɓa shi, zare ma ba ya daɗewa a itace, don haka ana saka masa bututun ebonait ko akirilik a ciki a yanka zaren a nan. Guntun da kafinta zai zubar ya isa alƙalami. Madobiya tana da kyau, amma an yi mata saran da ya sa ta shiga jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu.

Bakin zinariya ya fi na ƙarfe?

Ba a zinariyar ake rubutu ba. A tsinin kowanne akwai ɗigon wani ƙarfe mai tsananin tauri, shi ke taɓa takarda, kuma gyaran da aka yi masa shi ke kawo santsi. An zaɓi zinariya a da ne don tawadar lokacin na cin ƙarfe. Lamba 585 a jikin baki na nufin karat 14, 750 kuma karat 18. Na zinariya yakan ɗan fi taushi a hannu, ya kuma fi karɓar miƙewa in ya lanƙwashe, amma bakin ƙarfe da aka daidaita da kyau ya fi na zinariya da ba a daidaita ba.

Akwai bakin da ya dace da Larabci da ajami?

Akwai. Ana goge tsini ya riƙa ba da layin kwance mai kauri, na tsaye siriri, akasin wanda ake yi don rubutun boko mai ado. Akwai kuma mai faɗi da aka yanke a karkace kamar yankan alƙalamin kara. Kamfanin Dollar na Pakistan yana yin mai araha irin wannan, 717 Qalam, saboda masu rubuta Urdu. Wanda ya iya gyaran baki yadda aka bayyana a sama zai iya gwada yanka nasa daga faffaɗan bakin Jinhao a kan dutsen washi mai laushi, yana gogewa kaɗan yana rubuta layi ɗaya.

Yaya zan gane jabun Montblanc?

Montblanc kamfanin alƙaluma masu tsada ne na Jamus, kuma samfurinsa mai lamba 149 na gaske mai fistin ne, in ka buɗe ka ga kwanso jabu ne. Bakin na gaske zinariya ne mai lamba 4810, ba a rubuta masa "Iridium Point Germany". Baƙin jikinsa in an haska shi da fitila mai ƙarfi yana nuna ja mai duhu. Farashin da ya yi sauƙi fiye da hankali shi ma shaida ne.

Yaya ake jawo wasu cikin harkar, kuma in ba da aron alƙalamina?

Ka bayar. Zancen cewa hannun wani na ɓata baki cikin layi biyu ba gaskiya ba ne, tsinin ya fi ƙarfin haka. Abin tsoro biyu ne: wanda ya saba da biro zai danna, kuma zai fizgi murfin da murɗa shi ake yi. Ka buɗe masa da kanka, ka nuna masa bakin na kallon sama, ka ce ya bar alƙalamin ya ɗauki nauyin kansa. Yana da kyau mutum ya riƙa yawo da mai araha guda don wannan, in ya ga wani ya ƙyasa ya bar masa.

A ƙasashen da harkar ta kafu ana baje kolin alƙaluma duk shekara, kamar a Washington da Landan da Tokyo, inda masu gyaran baki ke zama a tebur suna yi a gaban mai shi. Tun 2012 ake bikin ranar alƙalamin tawada a Juma'ar farko ta Nuwamba, Pelikan kuma tun 2014 yake shirya haɗuwar masu sha'awa a birane da dama a rana ɗaya. Inda babu irin wannan, mutum huɗu ma sun isa. Su haɗa kuɗi su yi odar jakunkuna da shalak tare don kuɗin aike ya yi sauƙi, kowa ya sayi tawada launi daban a rarraba a ƙananan kwalabe. A kuma jawo masu gyaran agogo da maƙeran zinariya, domin suna da madubi da natsuwar hannu, abin da ya rage su ga cikin alƙalami sau ɗaya.

In za ka ba yaro ko sabon shiga kyauta, ka haɗa masa da 'yar kwalbar tawada da littafi mai takarda mai kyau, ka zauna da shi ya cika ya kuma wanke sau ɗaya a gabanka. Bayan mako biyu ka tambaye shi ko yana rubutu. In ya ce ya tsaya, ku koma amsar wanka tare.